Ragar fuskar doki: abin da take karewa da abin da ya fi ƙarfinta

Da zarar ruwan farko ya sauka, daga Damagaram har zuwa Marwa, mai doki ya san abin da ke tafe. Ciyawa za ta fito, doki ya murmure daga ramar bazara, amma tare da ciyawar ƙuda zai zo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin barga cikin watan Agusta ya ga yadda abin yake: doki ɗaure a turke yana ta kaɗa kai sama da ƙasa, yana buga ƙafa, ƙudaje sun yi jerin gwano a gefen idonsa kamar an ja masa kwalli. Yawanci ba a ɗaukar wannan a bakin komai, sai a ce ai damina ce. Sai ranar da ido ya kumbura ko hakiya ta fito, sannan a shiga neman magani.

A Turai da Amurka masu dawaki sun daɗe da amfani da wata raga da ake sa wa doki a fuska don tare ƙuda. Da Faransanci ana kiranta masque anti-mouches, kuma da wannan sunan ake samunta a kantunan kayan dawaki. Yanzu ta fara shigowa bargogin masu wasan folo da masu sukuwa a yankinmu na Afirka, wasu sabuwa ta hanyar oda a intanet, wasu cikin kayan gwanjo. Wanda ya fara ganinta yakan ɗauka an rufe wa dokin ido ne, har ya tausaya masa. Ba haka ba ne, doki yana gani sarai ta cikinta. Amma kafin mutum ya kashe kuɗinsa, yana da kyau ya san aikin da ragar ke yi, da wanda ba za ta taɓa yi ba, domin cututtukan da suka fi kashe dawaki a Sahel da ƙasashen kurmi ba ta ido suke shiga ba.

Inda wutsiya ba ta kaiwa

Allah ya yi wa doki kayan korar ƙuda. Wutsiyarsa tana share cinyoyi da gefen ciki. A ƙarƙashin fatar bayansa da haƙarƙarinsa akwai wata siririyar tsoka da ke sa fatar ta yi karkarwa da zarar ƙwaro ya sauka. Ƙafafu kuma yana buga su. Dawakin da aka sake tare a makiyaya sukan tsaya biyu-biyu, kan wannan a wajen wutsiyar wancan, kowa na yi wa ɗan'uwansa fifita. Fuska ce kaɗai ta rasa gata. Fatarta ba ta karkarwa irin ta jiki, wutsiya ba ta isa wurin, abin da ya rage masa shi ne ƙiftawa, da kaɗa kai, da gezar da ke saukowa a goshi. Dokin da aka ɗaure shi kaɗai a turke, aka kuma datse masa gezar goshi don ado, an raba shi da biyu daga cikin makamansa.

Ga shi kuma idon doki babba ne, yana cikin mafiya girma a dabbobin da ke tafiya a doron ƙasa, kuma a gefen kai yake, ya ɗan fito waje. Wannan ne ya ba shi damar ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da daidai bayansa da ɗan wurin da ke gaban hancinsa. Amma wannan fitowar ce ke sa idon saurin jin rauni. Idan ƙaiƙayi ya ishe shi, doki yakan goga fuska a turke, ko a bango, ko a gwiwarsa, kuma ƙaramin ƙarce a saman ƙwayar ido yana iya zama gyambo cikin kwana biyu ko uku.

Ƙudan da ke taruwa a ido yawancinsu ba masu cizo ba ne. Ƙudan gida ne da danginsa, abin da suke nema shi ne hawaye da kwantsa da majina, saboda sinadarin gina jiki da ke cikinsu. Ɗaya daga cikin dangin, wanda masana ke kira Musca sorbens, shi ne wanda ke addabar idon yara a ƙauyuka yana yaɗa amosanin ido tsakanin mutane. Doki ba ya kamuwa da wannan ciwo na mutane, amma ɗabi'ar ƙudan ɗaya ce. Yana sauka a ido, ido ya ƙara zubar da hawaye, hawayen su ƙara jawo wasu. Akwai wata ƴar hanya da ke kwashe hawaye daga ido zuwa cikin hanci. Idan ƙura ko kumburi suka toshe ta, hawaye sai su riƙa gangarowa a kunci, gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja. Ana yawan ganin haka a jakunan da ke jan amalanke cikin ƙura, kuma likitan dabbobi yana iya wanke hanyar ta buɗe.

Tsutsar da ta ɓata hanya

Babbar ɓarnar ƙuda a fuskar doki ta fi ƙaiƙayi. Akwai wasu ƙananan tsutsotsi, Habronema da Draschia, da ke zama a tumbin doki. A can ciki yawanci ba sa yin wata illa da za a gani. Ƙwansu yana fita cikin kashi, tsutsar ƙuda da ke girma a cikin kashin ta haɗiye shi, ya ci gaba da girma a jikinta har ta zama ƙuda mai tashi. Idan wannan ƙudan ya sauka a leɓen doki, sai ya ajiye ƴar tsutsar a wurin, doki ya haɗiye, ta koma tumbi, zagayen ya cika.

Matsala tana faruwa ne idan ƙudan ya sauka a kusurwar ido, ko a kan wani miki, ko a al'aurar ingarma. Tsutsar ba ta da hanyar zuwa tumbi daga nan, ba kuma za ta iya girma ba, sai ta maƙale a cikin nama. Jiki ya taso mata da yaƙi, wurin ya zama gyambo mai tsiron jan nama, mai tsananin ƙaiƙayi, wani lokaci da ƴan ƙwayoyi rawaya masu tauri kamar tsakin gero a cikinsa. Gyambon yakan lafa idan hunturu ya shigo ƙuda ya ragu, ya dawo da damina mai zuwa, har mai dokin ya fara zargin sammu ko kambun baka. Turawa ma da lokacin zafi suke danganta shi, domin a ƙasashensu lokacin ne ƙuda ke yawa. Ana maganinsa da ivermectin ko moxidectin tare da kula da gyambon, wani sa'in sai likita ya yanke tsiron. Amma idan ba a raba wurin da ƙuda ba, ana magani ana sake zuba sabuwar tsutsa.

Haka kuma ƙuda yana ɗaukar wata farar tsutsa siririya mai suna Thelazia, wadda ke zama a ƙarƙashin fatar ido da hanyoyin hawaye. Sannan ga ciwon nan da ke fitar da maruru a jere kamar carbi a ƙafa ko wuya ko ƙirjin dokin amalanke, wanda likitoci ke kira lymphangite épizootique da Faransanci. Wani nau'in naman gwari ne ke kawo shi, ya yi ƙaurin suna a Habasha da Senegal da Gambiya, kuma yana da wani salo da ke kama ido. Ƙudan da ya tashi daga ruwan gyambon wani doki ya sauka a idon wani yana cikin hanyoyin yaɗuwarsa.

A nan ragar fuska take da ranarta. Duk waɗannan sai ƙuda ya taka ido ko gefensa kafin su samu shiga, ita kuwa ragar hana shi takawa take yi.

Yadda ragar kirki take

Ana yin ta da zaren roba mai ɗan tauri wanda aka saƙa da ƙananan ramuka, aka bi bakinta da laushin ƙyalle don kada ta ci fata. Wasu suna rufe ido da goshi kaɗai, wasu har da kunnuwa, wasu kuma suna da wani leɓe da ke saukowa kan hanci. Mai kunnuwa tana da amfani a wuraren da ke kusa da koguna masu gudu, kamar tsaunukan Adamawa, inda ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo ke shiga cikin kunnen doki su bar shi da ɓawon jini, har ya riƙa ƙin a taɓa masa kai lokacin sa linzami. Mai leɓen hanci kuwa ta fi dacewa da dokin da ke da farar fuska da jar fata, irin danda, wanda rana ke ƙona masa hanci. Irin waɗannan dawaki ne kuma suka fi fuskantar ciwon dajin fatar ido saboda zafin hasken rana, shi ya sa wasu ragogin ake saƙa su yadda za su rage hasken.

Game da gani, abin kamar mutum ne a cikin ɗaki yana kallon tsakar gida ta ragar taga. Da yake ragar tana kusa da ido, ido yana tsallake ta ya hango abin da ke nesa. Baƙa ko mai duhun launi ta fi fara sauƙin gani ta ciki, domin fara tana mayar da hasken rana cikin ido. Duk da haka tana rage gani kaɗan, musamman idan duhu ya fara ko ƙura ta cika ramukan.

Abu mafi muhimmanci a jikinta shi ne tudun da ke gaban ido. Mai ɗinki yakan tsuke ragar a sama da kowane ido yadda za ta tashi kamar ƙoƙo, ta tsaya nesa da gashin ido. Idan wannan tudun ya lotsa, ragar ta kwanta a kan ido, to abin da aka sa don kariya ya koma abin gurza ƙwayar ido duk lokacin da doki ya ƙifta. Ragar da ta yi wa doki kaɗan, ko ta tsufa ta saki, gara babu ita. Wannan ya shafi yankinmu ƙwarai, domin yawancin ragogin gwanjo an ɗinka su ne don manyan dawakin Turai, alhali dawakin Barno da na Azbin da na ƙasar Hausa sun fi ƙanƙantar kai. Wadda ta yi yawa kuma tana barin ƙofa a ƙarƙashin muƙamuƙi, ƙuda ya shiga ya kasa fita, doki ya haukace da shi a ciki. Ma'aunin da masu dawaki ke bi mai sauƙi ne: bakin ragar ya sauka kamar yatsa biyu ƙasa da ƙashin kunci, yatsa ɗaya ko biyu su iya shiga tsakaninta da fata a ko'ina, sannan a tsaya a gaban dokin da gefensa a duba ko gashin ido yana taɓa ta.

Maɗaurinta yawanci Velcro ne, wannan mai mannewa da ake ɓantarewa, kuma da gangan aka yi haka. Idan ragar ta sarƙe a ƙaya ko a ƙusa, doki ya fizga, maɗaurin zai saki. Wanda ya ga tana yawan faɗuwa ya ɗaure ta da igiyar leda mai ƙarfi ya ɗauki kasadar da ta fi ƙuda.

Ba a barin ta dare da rana. Ƙudan ido da rana yake aiki, don haka da magariba a cire, a duba idanun biyu da bayan kunnuwa da kunci, a kakkaɓe ragar, a wanke ta da sabulu idan ta yi datti, a shanya. Ragar da ta sha kwantsa da laka ita kanta tana kiran ƙuda. Kowane doki da tasa, domin musayar raga musayar ciwo ce. Haɗarin da ba a cika faɗa ba shi ne, raga tana ɓoye ido daga mai dokin. Ɗan barga da ya ga fuska a rufe yana iya kwana uku bai leƙa ba, alhali ciwon idon doki ba ya jiran kwana uku.

Ranar hawan salla ko fantaziya a fadar lamido ba ranar raga ba ce. Doki a cikin taro, ga ƙarar bindiga, ga kiɗa, ga ƙura, ga sukuwa zuwa gaban sarki, yana bukatar ganinsa cikakke. Haka ma dokin amalanke da ke ratsa motoci da babura a cikin gari.

Aikin dukawa

Kafin a ƙera ragar roba, masu dawaki a wurare da dama sun riga sun gano wata dabara, wato geza. Siraran igiyoyi ne na fata ko na zare da ake jerawa a kan wani maɗauri da ke ratsa goshi, su sauko kan ido. Duk motsin da doki ya yi sai su kaɗa, ƙuda ya tashi. Wanda ya lura da kayan kan dawakin sarauta, daga Agadas zuwa Garwa, zai ga tuntaye da gezoji suna lilo a goshi da kumatu. Ado ne, amma adon da ke aiki.

Geza ba ta kai raga tarewa ba, ƙuda yana samun sauka tsakanin kaɗawa da kaɗawa, kuma ba ta rage hasken rana. Amma tana da abubuwan da raga ba ta da su. Ba ta riƙe zafi, ba ta ɓoye ido, ana iya aiki da ita a kan hanya, kuma kowane baduku ko tela zai iya yin ta da ragowar fata ko tsohon ƙyallen auduga. Ƙungiyoyin da ke kula da dabbobin aiki, irin su Brooke wadda ta samo asali a Alƙahira a 1934, sun daɗe suna ƙarfafa amfani da ita ga dawaki da jakunan talakawa. Ga mai jaki ɗaya da yake ci da iyalinsa da shi, geza ce ta fi dacewa da aljihunsa da kuma aikinsa. Sharaɗin kawai shi ne igiyoyin su zama masu laushi, su wuce ido a tsawo yadda bakinsu ba zai riƙa tsokanar ƙwayar ba, kuma kada a ɗaura musu wuri ko ƙarfe ko dutsen ado a baki. Fatar da ta sha ruwa ta bushe ta yi tauri sai a shafa mata mai ko a sauya.

Masu son ɗinka raga a gida sukan fara tunanin gidan sauro. Bai dace ba. Ya yi laushi da yawa, ba ya tsayawa, yana manne wa ido da zarar ya jiƙe da hawaye. Wanda ake rabawa a asibiti kuma an jiƙa shi da maganin ƙwari da ke iya yi wa ido zafi, ban da cewa yaran gida sun fi dokin bukatarsa. Ragar taga ta ƙarfe ta fi muni, domin idan ta yage bakinta allura ne. Idan za a ɗinka, sai a nemi ragar roba mai tauri wadda ke komawa yadda take bayan an lanƙwasa ta, a ba tela tsohuwar ta kanti ya kwaikwayi yankan.

Waɗanda raga ba ta tarewa

Bobuwa, babban ƙudan nan mai cizo kamar an soka allura, ba ruwanta da hawaye. Jini take nema, a ciki da ƙafafu da wuya. Ita da ƙudan barga mai cizo, wanda ya yi kama da na gida amma yake da tsinin baki, su ne ke ɗaukar ƙwayar cutar sura daga dabba zuwa dabba a bakinsu. Wani likitan dabbobi ɗan Birtaniya, Griffith Evans, shi ya gano ƙwayar a jinin dawaki da raƙuma a yankin Punjab a 1880, shi ya sa ake kiranta Trypanosoma evansi. Masu raƙuma a Sudan suna kiran ciwon gufar. Raƙumi yana iya daɗewa da shi yana ramewa a hankali, amma doki yakan faɗi da sauri: zazzaɓi mai zuwa yana komawa, rama, kumburin ƙafafu da ƙasan ciki, daga baya tangaɗi. Ɗaure doki kusa da garken raƙuma a bakin tafki da damina ba dabara ba ce, ko da an rufe masa fuska da raga goma.

Idan aka gangara kudu, sai ƙudan tsando ya karɓa, mai kawo sammore. Wannan ƙudan ya yi tasiri a tarihin yankin fiye da sarakuna da yawa. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna yadda daular Oyo ta dogara da sayen dawaki daga arewa don rundunarta, saboda ba sa daɗewa kuma ba sa hayayyafa sosai a kudu. Har yau Bahaushen zango a Kumasi ko a kudancin Kamaru da ya sayo doki daga arewa don hawan salla yana fuskantar abin da fataken da suka fuskanta. Dokin ya baro ƙasar da tsando bai cika yawa ba ya shigo inda yake da gida.

Na uku shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi kisa. Wasu ƴan ƙwari ne masu suna Culicoides, tsawonsu milimita 1 zuwa 3, suna fitowa daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, suna hayayyafa a laka mai haɗe da kashin dabbobi. Su ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, peste équine a bakin likitocin ƙasashen renon Faransa. A cikin dawakin da ba su da rigakafi tana iya kashe tara cikin goma, jakuna kuwa sun fi jure mata nesa ba kusa ba. A 2007 ta kashe dawaki fiye da 1,000 a Senegal. A 2020 ta ɓulla a Tailan, inda ta kashe ɗaruruwa, aka koma killace dawaki cikin raga mai ƙananan ramuka ƙwarai, domin waɗannan ƙwari suna ratsa gidan sauro na yau da kullum. Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, rigakafi ne kawai, da shigar da doki rufaffen wuri kafin magariba. Ɗaya daga cikin alamominta na fili shi ne ramin nan da ke saman idon doki ya cike ya kumbura, tare da zazzaɓi, wani lokaci da numfashi da ƙyar da kumfa a hanci. Mai dokin da ya ga wannan kumburi ya ce ƙuda ne, ya mayar da raga ya tafi, ya rufe alamar da ya kamata ta kai shi ofishin dabbobi a ranar. Cuta ce da doka ta wajabta a sanar da hukuma, kuma akwai ɗakunan gwaji a yankin, irin su LANAVET a Garwa, da LABOCEL a Yamai, da cibiyar Vom kusa da Jos.

Wani bincike da Tim Caro da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya ba da misali mai ban sha'awa. A wata gona a Ingila sun sa wa dawaki riguna, wata baƙa, wata fara, wata mai zane irin na jakin dawa. Bobuwa ta rage sauka ƙwarai a kan riga mai zane, amma a kawunan dawakin, da aka bari a buɗe, saukarta ba ta canza ba. Kowace kariya iyakarta wurin da ta rufe.

Daga barga ƙuda yake fitowa

Ƙudan da ke kan idon doki yawanci a bayan dokin aka haife shi. Macen ƙudan gida tana zuba ƙwai kamar 100 a lokaci guda a cikin ɗanyen kashi, kuma a zafi irin na damina kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama ƙuda mai tashi. Babban doki yana fitar da fiye da kilo 15 na kashi a yini. Idan ana kwashe shi kullum a kai nesa da barga, a baza shi ya bushe ko a tara a rufe ya yi zafi ya zama taki, an yanke zagayen ƙudan da na tsutsar tumbi gaba ɗaya. Ƙudan barga mai cizo shi kuma ya fi son ruɓaɓɓiyar harawa da ciyawar da ta jiƙe da fitsari a gindin turke. A zangon birni, inda doki ke zama a lungu ɗaya da awaki da kwata, wannan aikin ya fi wuya, kuma maƙwabta ma suna da haƙƙi a ciki, tunda ƙudan ba ya tsayawa a kan doki.

Hayaƙin da ake turawa da yamma, na ganyen darbejiya ko busasshen kashin shanu, yana korar ƙwari, amma idan ya yi yawa a rufaffen wuri yana sa hawaye da tari. Akwai kuma tarkon ƙyalle shuɗi da baƙi, irin wanda ake kira Vavoua da sunan wani gari a Kodebuwa, da aka ƙera don tsando amma yake kama ƙudan barga sosai. Ana kafa shi a rana, ɗan nesa da dabbobi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen magani. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa doki a fuska yana ƙona fata. Maganin feshin gona da fiya-fiya guba ne ga doki da mai shafawa. Maganin kaska na shanu mai sinadarin amitraz yana tsayar da hanjin doki har ya kashe shi, ko da kuwa saniya ta sha wanka da shi lafiya. Maganin ƙuda da aka yi don dawaki ma ba a fesa shi a fuska, a tsumma ake zubawa a shafa nesa da ido. Barbaɗa gishiri ko sukari ko garin taba ko kwalli a idon da ya yi hakiya ƙarin rauni ne a kan rauni. Man ido na kemis mai ɗauke da dexamethasone ko danginsa, wanda ke kwantar da jan ido nan take, idan aka sa shi a idon da ke da ƙarce yana iya sa gyambon ya zurfafa har ƙwayar ta fashe. Likita yana gane ƙarcen ne da wani ɗigon rini da ke mayar da wurin kore, gwajin da bai wuce minti biyu ba.

Abin da mai doki zai iya yi da hannunsa shi ne wanke gefen ido da ruwan da aka tafasa ya huce, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, da tsumma mai tsabta daban ga kowane ido. Idan doki ya runtse ido ɗaya ya ƙi buɗewa, ko ƙwayar ta yi fari ko shuɗi-shuɗi, ko kwantsar ta koma rawaya mai kauri, a kai shi inuwa a kira likita a ranar. A irin wannan hali raga mai tsabta tana taimakawa wajen tare ƙuda da haske kafin likitan ya iso, muddin ana ɗaga ta safe da yamma ana duba abin da ke ƙarƙashinta.